Bangon gidanmu na yoyo: za mu iya kai mai tantance ginin kotu?

Tambaya: Malam, shekara huɗu ke nan da muka sayi gida a wani bene mai hawa takwas a birnin Sidni na ƙasar Ostireliya. Yanzu ruwa na tsattsafowa ta bangon banɗaki, rufin wurin ajiye motoci ya tsage. Maƙwabta sun ce mu kwantar da hankali, tunda akwai takardar izinin shiga gida, wanda ya sa hannu a kanta shi zai biya. Duk abin da muka tara yana cikin gidan nan, barci ya gagare ni.

Amsa: Hajiya, Allah ya kawo sauƙi. Amma maganar maƙwabtan nan ita ce ta fi tayar mini da hankali, fiye da tsagewar ma, domin kusan kullum sai na ji ta, kuma ta jawo wa mutane asara mai yawa.

Takardar izinin shiga gida ba garanti ba ce. Abin da take cewa kawai, ginin ya kai a zauna a ciki. Ba ta ce an yi aikin da kyau ba. Mai tantancewa, wato wanda ke duba ginin ya sa hannu a takardar, ba ya wuni a wurin aiki. Yana zuwa ne a wasu matakai da doka ta ƙayyade, sauran kuma ya dogara da takardun injiniyoyi da 'yan kwangila. A irin benenku, abin da ƙa'ida ta nema wajen shimfiɗar hana ruwa shi ne ya duba aƙalla kashi 10 cikin 100 na ɗakunan da ake amfani da ruwa. Wato banɗakinki yana iya kasancewa cikin waɗanda idonsa bai taɓa gani ba, kuma bai karya doka ba. Ƙari a kan haka, tun 1998 da jihar New South Wales, inda Sidni take, ta buɗe aikin ga 'yan kasuwa, mai gina benen, wato kamfanin da ya ba da kwangilar ginin don ya sayar da gidajen, shi ne ke zaɓar wanda zai tantance shi, shi ke biyansa. Ke ba ki da yarjejeniya da shi ko ta layi ɗaya.

Kotu ma ta faɗi haka. A 2017, a shari'ar ƙaramar hukumar Ku-ring-gai, kotun ɗaukaka ƙara ta jihar ta ce hukumar da ta ba da takardar ba ta da alhakin asarar kuɗin da mai sayen gida ta yi, domin doka ta riga ta ba ta kariya a kan wanda ya yi ginin. Masu yaɗa jita-jita kan kawo gobarar benen Lacrosse ta 2014 a Melbon, inda aka ɗora wa mai tantancewa kusan kashi ɗaya cikin uku na diyya. Gaskiya ne, amma ba sa ƙarasa labarin: ɗan kwangilar aka fara kamawa, shi kuma ya juya kan mai tantancewar bisa yarjejeniyar da ke tsakaninsu. Ana iya kama mai tantancewa, sai dai hanya ce mai tsawo da tsada. Ƙorafi ga hukumar da ke yi musu rajista kuma yana iya jawo masa horo, amma ba zai gyara miki bango ba.

Illar wannan ruɗin ita ce lokaci. Dokar gine-ginen gidaje ta 1989 ta ba ku garantin shekara 6 a kan manyan lahani, shekara 2 a kan ƙanana, kuma a kan ɗan kwangila da mai gina benen ne. Lissafin yana farawa daga ranar takardar izinin, ba ranar da kika tare ba. Cikin wa'adin sai an shigar da ƙara. Wasiƙa ba ta tsayar da shi, alkawarin baki ba ya tsayar da shi. Na sha ganin ƙungiyar masu gida ta ɓata shekara biyu tana taro a kan mai tantancewa, kamfani kuma yana aiko yaro da bokitin fenti yana shafe tabo, har wa'adi ya cika. Wani lokaci kafin a farga an rufe kamfanin. Inshorar gine-ginen gidaje kuwa ba ta shafi bene da ya haura hawa uku ba.

Bayan tsagewar da ta sa aka kwashe mazauna wasu benaye biyu a Sidni, Opal Tower a 2018 da Mascot Towers a 2019, an yi dokar 2020 da ta wajabta wa masu aikin gini kula da haƙƙin masu sayen gida na baya. Tana taimako, amma kada ki jingina da ita ki bar garantin ya wuce.

Don Allah, Hajiya, makon nan ki nemi ranar da ke kan takardar. Bango da wurin motoci kayan tarayya ne, saboda haka ƙungiyar masu gidajen ce za ta shigar da ƙara. Ki matsa a kira taro, a ɗauko injiniya mai zaman kansa wanda ba kamfanin ya kawo ba, ya rubuta rahoto, a kai wa lauyan gine-gine. Kada kuma kowa ya sa hannu a takardar sulhu don an zo an yi faci.