Daga ina "oke" ta fito?

Wata malamar firamare daga Zariya ta aiko da tambaya. Ɗalibanta sun ce mata OK na nufin "ba a kashe kowa ba", wai sojojin Amurka ne ke rubuta ta, taƙaicen "0 killed", in sun dawo daga fagen fama. Shin haka ne?

Malama, labarin nan ya daɗe yana yawo, amma ba shi da tushe. Wanda ya tono asalin kalmar shi ne Allen Walker Read na Jami'ar Columbia, cikin rubuce-rubucensa na 1963 da 1964. Ya same ta a jaridar Boston Morning Post ta 23 ga Maris, 1839. A lokacin 'yan jaridar Boston na da wani wasa: su karkata rubutun kalma da gangan, sannan su tsinci haruffan farko. Sai "all correct", wato komai daidai, ta koma "oll korrect", aka taƙaita ta O.K.

Da ta mutu kamar 'yan uwanta na wannan wasa, siyasa ce ta cece ta. A zaɓen 1840 Shugaba Martin Van Buren ya nemi tazarce, ana yi masa laƙabi da Old Kinderhook, wato O.K. a taƙaice, saboda garinsu Kinderhook a jihar New York. Magoya bayansa suka kafa ƙungiya mai suna O.K. Shi ya sha kaye, kalmar kuwa ta zauna, masu wayar tangaraho suka ƙara yaɗa ta. Akwai masu danganta ta da "okeh" ta harshen Choctaw, ko "waw kay" ta Wolof, amma hujjar da ke rubuce tana Boston.

Ma'anarta a Turanci uku ce: na yarda, lafiya lau, da kuma abin da muke ce wa ba yabo ba fallasa. In Bature ya ɗanɗana abincinki ya ce "oke", bai yaba ba.

Ni ba na faɗa da aro. Mota da kwamfuta duk aro ne. Abin da ke damuna shi ne inda oke ke ture "to". Kwanan baya na ga dattijo ya aiki ɗansa sayen kalanzir, yaron ya ce "oke", idonsa na kan waya. Uban bai tanka ba, amma fuskarsa ta sauya. Da "To, Baba" ya ce, ya miƙe, da ladabin ya tafi tare da amsar. Ki gwada ɗalibanki, Malama: su faɗi "to" ta yarda, da "too" mai ja ta mamaki, da "to fa" ta ganin rigima, su ji ko oke za ta iya ɗaukar ukun.