"Oga ne ya ce in harba": wannan zai fitar da ƙanina?

Tambaya: Salam Barista. Ƙanina soja ne yana fagen daga, kwanaki ya kira ni hankalinsa a tashe wai an ce musu duk wanda suka kama kar su dawo da shi da rai. Shi ƙaramin soja ne, abin da aka ce shi zai yi. In ya bi umarni akwai laifi a kansa? Wallahi ko barci bana iyawa.

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya tsare shi. Akwai laifi, babba ma. Wanda ya ajiye makami ya miƙa wuya ba a taɓa shi, haka yarjejeniyoyin Geneva na 1949, wato dokokin yaƙi na duniya, suka ce, ko da yaƙin cikin gida ne.

Wannan magana ta "umarni na bi" kuwa ta ishe ni, kullum sai na ji ta, har daga bakin wasu masu kiran kansu masana, wai soja ba ruwansa, laifi na oga ne. Wa ya gaya musu? Tun 1945 dokar kotun Nuremberg, wadda ta yi wa shugabannin 'yan Nazi na Jamus shari'a bayan yaƙin duniya na biyu, ta ce bin umarni ba ya wanke mutum, iyaka dai a sassauta masa hukunci. William Calley, hafsan sojan Amurka da ya jagoranci kisan ƙauyen My Lai a Vietnam a 1968 haka ya ce, umarni ne, duk da haka a 1971 kotun sojan Amurka ta same shi da laifin kashe mutum 22. Ga kuma Dražen Erdemović, sojan da ya shiga cikin kisan kiyashin Srebrenica a ƙasar Bosniya a 1995, shi cewa ya yi ma an ce in bai harba ba, za a jera shi cikin waɗanda za a kashe, ya amsa laifinsa da bakinsa ya yi nadama, amma sai da aka yanke masa shekara 5. To in wanda aka tsorata da mutuwa bai fita ba, ina ga wanda tsawa kawai aka daka masa?

Sashe na 33 na dokar Roma ta 1998, wadda ta kafa kotun hukunta manyan laifuka ta duniya (ICC), ya bar wata 'yar ƙofa, amma sai in doka ta wajabta masa bin umarnin, bai san haramun ba ne, kuma haramcin bai fito fili ba. Harbe mutumin da ke ɗaure, ko yaro ya san wannan haramun ne.

Ogan ma ba tsira zai yi ba, sai dai ranar bincike yawanci cewa zai yi bai taɓa faɗa ba, tunda da baki ya faɗa, harsashin kuma daga bindigar ƙaninki ya fita. Kuma irin wannan laifi ba ya tsufa a ICC, ko bayan shekara 30 ana iya tono shi.

Ki gaya masa kar ya aikata. Ya riƙe rana da wuri da sunan wanda ya ba da umarnin, in da hali ya kai maganar ga lauyan rundunarsu ko wani hafsa da ke sama da ogan.