Makbet: ƙaddara ce ta kayar da shi, ko shi ya kayar da kansa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce, muna karanta wasan kwaikwayon Makbet na Shekisfiya, kuma gardama ta kaure a ajinmu. Wasu sun ce tunda matsafan nan mata uku sun gaya masa zai zama sarki, kuma duk abin da suka faɗa ya tabbata, ƙaddara ce ta ja shi ga kisa. Wasu sun ce son zuciyarsa ne kawai. Wanne ne daidai?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Ni ina tare da masu cewa zaɓinsa ne, amma kada ki raina hujjar ɗaya ɓangaren, don tana da ƙarfi.

Ki koma inda ya fara haɗuwa da matsafan, ki duba abin da suka faɗa. Sun gaishe shi da sarautar da ya gada, sun gaishe shi da sarautar Kawdo, sannan suka ce zai zama sarki nan gaba. Ta biyun ma ba wani duba ba ne, domin mai kallo ya riga ya ga Sarki Dankan ya ba shi ita, labari ne bai iso masa ba. Babu inda suka ce ya kashe wani. Tunanin kisa daga zuciyarsa ya taso, nan take, har shi kansa ya firgita da shi. Ya kuma san akwai wata hanya, don da bakinsa ya ce in rabo ne sarautar, za ta same shi ba sai ya ɗaga hannu ba. Mu ma haka muke cewa: zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi. Wanda ya gaskata wannan da gaske, me zai kai shi ɗakin baƙo da wuƙa cikin dare?

Wurin da na fi so ki tsaya shi ne daren da Dankan ya sauka a gidansa. Makbet ya keɓe, ya lissafa wa kansa dalilan da suka hana: sarkin ɗan'uwansa ne, ubangidansa ne, baƙonsa ne wanda ya kamata ya tsare masa ƙofa, kuma adali ne. Ya amsa cewa ba abin da ke tunzura shi sai buri. Har ya gaya wa matarsa ya fasa. Ita kuwa ba da maganar ƙaddara ta juya shi ba, gori ta yi masa, ta ce ba namiji ba ne. Mutumin da ya auna, ya fasa, sannan ya koma saboda gori, ba za a ce an ɗaure masa hannu ba.

Kwatanta shi da Odifus na Sofokilis, marubucin Girka na ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa. An gaya wa Odifus zai kashe ubansa, ya gudu daga garin da ya tashi don kada hakan ta faru, a hanya ya kashe wani dattijo bai san ubansa ba ne. Wannan shi ne labarin ƙaddara tsantsa. Makbet kuwa ya san wanda yake kashewa, ya san kuma me ya sa.

Akwai shaida ko a yadda aka gina wasan. Shekisfiya ya rubuta shi wajen 1606, ya ɗauko labarin daga littafin tarihin Holinshed, bugun 1587. A can Dankan sarki ne mai rauni, Banko ma, abokin yaƙin Makbet da suka haɗu da matsafan tare, da hannunsa a kisan, kuma Makbet ya yi shekaru yana mulkin kirki. Makbet na ainihi ya mulki Sikotland daga 1040 zuwa 1057, kuma a fagen fama Dankan ya mutu, ba a kan gado ba. Duk waɗannan uzurori marubucin ya tsame su ɗaya bayan ɗaya. Sai dai wanke Banko da ya yi akwai siyasa a ciki, don Sarki Jemis da ya hau gadon Ingila a 1603 ana danganta zuriyarsa da Banko. Saboda haka in za ki kafa hujja da cewa Banko ya ji duban bai kashe kowa ba, ki kafa, amma kada ki jingina duka nauyinki a kanta.

Masu cewa ƙaddara ce suna da gaskiya a wuri ɗaya: babu maganar matsafan da ta faɗi ƙasa banza. An ce masa ba za a ci shi da yaƙi ba sai dajin Barnam ya taso masa, kuma babu wanda mace ta haifa da zai cuce shi. Dajin ya taso kamar yadda suka ce, ta hanyar sojojin da suka sari rassa suka ɓuya a bayansu, kuma wanda ya kashe shi, Makdaf, farke cikin uwarsa aka yi aka ciro shi. Amma ki lura da yadda Makbet ke mu'amala da duban. In ya yi masa daɗi ya riƙe, in bai yi ba ya yaƙe shi. An ce 'ya'yan Banko za su yi sarauta, sai ya yi hayar 'yan ina-da-kisa su gama da Banko da ɗansa, bai ko shawarci matarsa ba. Karo na biyu ma ba matsafan suka tare shi ba, shi ya je nemansu da ƙafarsa.

Abin da ke sa ƙarshen wasan ya yi kama da ƙaddara shi ne kowane kisa yana rage masa hanyoyin komawa, har ya ce ya yi nisa cikin jini, juyawa da ci gaba duk wahalarsu ɗaya. Ko a nan bai ce juyawa ba ta yiwuwa, ya ce tana da wuya. Idan 'yan ajinku suka dage, ki tambaye su kisan matar Makdaf da 'ya'yansa. An gargaɗe shi ne game da Makdaf shi kaɗai, kuma mutumin ya riga ya tsere Ingila. Su nuna miki wanda ya ambaci matar da yaran kafin Makbet ya ba da umarni.