Tambaya da Amsa: Shirye-shiryen Yara Marasa Kai da Gindi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni uwa ce, ina zaune a Tudun Wadan Zariya, kuma ƙaramin ɗana shekararsa biyu da 'yan watanni. Tun ranar da yayarsa ta nuna masa wani shiri mai suna Teletubbies a wayata, ba ya yarda ya ci abinci sai an kunna masa. Wasu halittu ne guda huɗu masu launi daban-daban, kowanne da allon talabijin a tumbinsa, ga fuskar jariri a cikin rana tana ƙyalƙyala dariya, maganarsu kuma gwaranci ce kawai. Gidanmu ya rabu a kan abin. Hajiya, mahaifiyar maigidana, ta ce siffar aljanu ce, kuma ita ce take sa yaron firgita da dare. Maigidan ya ce shirme ne da zai hana shi iya magana, gara a sa masa na koyon baƙaƙe. Maƙwabciyata, wadda malamar makarantar nazare ce, ta ce 'ya'yanta duk sun kalla kuma babu abin da ya same su. Maganar wa zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya raya mana su. Wannan saɓani da ya shigo gidanki ya girmi ɗanki nesa ba kusa ba, domin tun da tashar BBC ta fara nuna shirin a shekarar 1997 iyaye a Ingila suka yi ta ƙorafi cewa gwarancin da ke cikinsa zai lalata harshen 'ya'yansu, wato dai maganar da maigidanki ya yi yanzu. Waɗanda suka ƙirƙiro shi, Anne Wood da Andrew Davenport, ba da ka suka yi aikin ba. Shi Davenport ilimin magana da furuci ya karanta a jami'a, kuma da gangan aka sa halittun su riƙa magana irin ta yaron da bakinsa ya fara buɗewa, yayin da muryar babban mutum take faɗin cikakkiyar jimla a kusa da su. Da gangan ne kuma ake maimaita ɗan gajeren fim ɗin da ke fitowa a tumbinsu sau biyu, abin da ke gundurar babba amma yake faranta ran yaro, saboda a karo na biyu ya riga ya san abin da zai faru kuma yana jin daɗin cewa ya sani.

A ganina rashin kai da gindin shirin ba shi ne abin tsoro ba, kuma bai kamata ya zama baƙon abu ga Bahaushe ba. Mu da aka raina da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, inda dabbobi suke zaman fada, dodo yake neman aure, ƙofa take buɗewa don an yi mata waƙa, ba mu taɓa tsayawa muna tambayar ko hakan yana yiwuwa ba. Bambancin da ke akwai shi ne mai ba da tatsuniya tana kallon fuskar yaro: in ta ga ya tsorata sai ta sassauta murya, in ta ga ya fara gyangyaɗi sai ta ce ƙurunƙus, in ya yi tambaya ta amsa masa. Waya ba ta yin ko ɗaya daga cikin waɗannan, kuma a nan ne damuwata take.

Duk da haka, akwai binciken da ya kamata ki sani, domin yana ba maigidanki wani ɓangare na gaskiya. A shekarar 2011 Angeline Lillard ta Jami'ar Virginia a Amurka ta gwada yara 'yan shekara huɗu, inda wasu suka kalli katun mai saurin sauya hoto na minti tara, wasu suka kalli mai tafiya a hankali, wasu kuma aka ba su takarda suka yi zane. Da aka gwada su nan take, waɗanda suka kalli mai saurin sun fi sauran kasa natsuwa da bin umarni. A wani binciken da ta sake yi a 2015 sai ta ga alamar cewa yawan abubuwan da suka saɓa wa hankali, irin su mutum ya ɓace ko ya rikiɗe, yana iya gajiyar da ƙwaƙwalwar yaro ko da hoton ba ya sauri. Abin da aka auna shi ne halin yaran jim kaɗan bayan kallo, ba lahani na dindindin ba, amma ya isa ya nuna cewa shirin da ke jero abin mamaki kan abin mamaki ba tare da hutu ba yana ɗora wa yaro nauyi. Teletubbies yana daga cikin masu sauƙi ta wannan fuska, saboda ana iya shafe minti biyu ana neman hula ɗaya.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki abu biyu ne da babu wanda ya ambata a gidan. Na farko shi ne wayar kanta. Idan a YouTube yake kallo, shirin da kika zaɓa yana ƙarewa wani zai hau da kansa, kuma akwai masu kwaikwayon fitattun halittun yara suna haɗa bidiyo barkatai don neman kuɗin talla, wasu ma da duka da allura da abubuwan ban tsoro a ciki. A shekarar 2017 abin ya yi ƙamari har kamfanin ya goge ɗimbin irin waɗannan bidiyo, amma har yau ba su ƙare ba. Saboda haka ki sauke kashi biyu ko uku da kika kalla da idonki kika yarda da su, ki kashe data kafin ki miƙa masa wayar, wanda hakan ma zai rage miki kashe kuɗi. Na biyu shi ne cin abinci. Yaron da ake ɗura wa tuwo idonsa na kan allo ba ya lura da ɗanɗano, ba ya lura da ƙoshi, kuma yana koyon cewa buɗe baki ciniki ne. Ki raba kallo da kwano gaba ɗaya. Zai yi kuka, zai ture cokali, wataƙila ya ƙi cin na rana, amma in kin daure kuma yayarsa ta zauna suna ci tare, yunwa za ta dawo da shi.

Game da Hajiya, kada ki yi jayayya da ita, domin abin da ta lura da shi gaskiya ne ko da kun bambanta a kan dalili. Firgita da dare abu ne da ke yawan faruwa ga yara masu wannan shekaru, kuma gajiya da rashin isasshen barci da kallon allo dab da kwanciya suna ƙara shi. Ki sa doka cewa daga magariba babu kallo, ki roƙi Hajiya ta karɓi wannan lokacin ta yi masa addu'a da tatsuniya, kin ga an bi maganarta kuma yaron ya samu abin da ya fi shirin amfani. Idan firgitar tana zuwa da zazzaɓi ko sanƙarewar jiki, wannan na asibiti ne ba tare da ɓata lokaci ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2019, ta ce yaro ɗan shekara biyu zuwa huɗu kada zaman kallonsa ya wuce awa ɗaya a yini, kuma in ya gaza haka ya fi. Ina ba ki shawara ki raba awar gida biyu, kuma ki zauna kusa da shi ko da kina tsince shinkafa ne. In jan cikin halittun ya fito ki ce, “Wane ne wannan? Ina ja a ɗakin nan?” In koren ya sa hularsa ki ce, “Ina hular Baba?” ki bar shi ya tashi ya ɗauko ta. Ta haka gwarancin da maigidanki yake tsoro zai zama hanyar hira da Hausa, kuma ina kyautata zaton abin da ya faru a gidan maƙwabciyarki ke nan, tunda malamar yara ba ta iya zama kusa da yaro ta yi shiru. Shirin koyon baƙaƙe ma in an bar yaro shi kaɗai da shi, zai iya rera waƙar tun daga farko har ƙarshe bai san abin da take nufi ba.

Tambaya: Ni ma'aikaci ne a Samaru. 'Yata watanta goma sha huɗu, kuma nakan kunna mata katun na Turanci tun safe don ta tashi da harshen a bakinta. Mahaifiyarta ba ta so. Shin kuskure nake yi?

Amsa: Malam, niyyarka mai kyau ce, amma a wannan karon gaskiya tana wajen uwargida. A 2003 Patricia Kuhl ta Jami'ar Washington ta haɗa jarirai 'yan wata tara, 'ya'yan masu jin Turanci, da mutanen da ke yi musu wasa da harshen Sinanci ido da ido, wasu jariran kuma aka nuna musu irin wannan hira a bidiyo. Waɗanda suka zauna da mutum sun koyi rarrabe sautukan harshen, na bidiyon kuwa sun fito kamar ba su taɓa jin sa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta goyon bayan zaman kallon allo ga yaron da bai kai shekara biyu ba, ƙungiyar likitocin yara ta Amurka a 2016 ta ware hira ta bidiyo da 'yan'uwa kawai ga wanda bai kai wata goma sha takwas ba, Faransa kuma tun 2008 ta hana tashoshinta yin shirye-shiryen da aka nufi 'yan ƙasa da shekara uku da su.

Talabijin da ke kunne tun safe yana rage yawan maganar da manya suke yi wa yaro, ko da babu mai kallonsa, kuma wannan maganar ita ce jarin da yarinyar take tarawa yanzu. In kana son ta ji Turanci, ka yi mata shi da bakinka lokacin da kake ɗaura mata takalmi ko kake nuna mata akuya a ƙofar gida, mahaifiyarta kuma ta ci gaba da Hausa, domin harshe biyu ba ya rikita yaro. Ku lura da ita: in ta cika shekara biyu ba ta haɗa kalma biyu kamar “ba ni” ko “Mama zo”, ko kuma tun yanzu ba ta waiwayowa in an kira sunanta daga baya, ku kai ta sashen yara na asibitin koyarwa da ke Shika, ku nemi a fara da gwajin ji.