Damisar Koriya mai harararrun idanu: gado ce ko ƙirƙirar zamani?

Tambaya: Malam, 'yata ta nuna min damisa shuɗiya mai fuskar wauta a fim ɗin KPop Demon Hunters, ta ce zanen gargajiyar Koriya ce. Gaskiya ne, ko masu zanen yanzu ne ke ɓata al'adar mutane?

Amsa: Hajiya, 'yarki ta faɗi gaskiya. Wannan damisa ta fito ne daga minhwa, zanen talakawan Koriya da ya bunƙasa a ƙarni na 18 da na 19, ƙarshen daular Joseon. Nau'in da kika gani ana kiransa hojakdo: damisa a ƙasa, a kan itacen pine kuma wani tsuntsu baƙi da fari, ɗan'uwan hankaka. Ana manna shi a ƙofar gida lokacin sabuwar shekara, damisa ta kori sharri, tsuntsu ya kawo albishir. Wautar fuskar kuwa da gangan ce. Masana da dama na fassara damisar da mai mulki, tsuntsun da talaka yana yi masa tsiwa daga kan reshe.

Game da ɓatawa, ni ban yarda ba, domin minhwa tun asali kwaikwayo ne da sauyi. Sarki Jeongjo, wanda ya yi mulki daga 1776 zuwa 1800, ya sa aka kafa zanen kantar littattafai, chaekgeori, a bayan karagarsa. Masu zanen kasuwa, waɗanda galibi ba sa sa hannu a aikinsu, suka ɗauki salon, suka cusa kankana da rumman a tsakanin littattafan, alamar fatan zuri'a mai yawa. To mai zanen yau da ya sa wayar salula ko kofin gahawa a kantar, hanyar magabatansa ya bi. Misali, mai zanen Koriya na zamani Hong Kyoung-tack ya cika manyan allunansa da zanen littattafai masu launi mai ƙarfi, mai zane Park Saeng-kwang kuma, kafin rasuwarsa a 1985, ya dawo da launuka biyar na gargajiyar Koriya cikin zanen zamani.

Abin da ke damuna shi ne wanda zai zana tsuntsun a kan kofi ko riga ba tare da sanin dalilin zamansa sama da damisa ba. Idan 'yarki na son koyo, ta fara da tambayar me kowace dabba da kowane fure ke roƙa wa mai gida, sannan ta ɗauki buroshi.