Zugin Ƙoƙon Gwiwa

Tambaya: Likita, ƙoƙon gwiwata na dama yana min zugi in na hau bene ko na tashi daga sujada. Man zafi ya gaza. Malama, Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Sannu Malama. Galibi naman cinya da na ƙugu ne suka yi rauni, sai ƙoƙon ya riƙa goga inda bai kamata ba. Ki kwanta rigingine, ki miƙe ƙafar, ki ɗaga ta sau 10, zagaye 3 kullum. Abin da na fi matsa wa marasa lafiyata shi ne madubi: ki tsaya gabansa, ki ɗan durƙusa a hankali, ki lura kada gwiwar ta karkata ciki. Sauƙi yakan ɗauki makonni. In ta kumbura ko ta maƙale, ki je sashen gashin ƙashi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika.