Amsa: me ya sa tura kaya ya fi wuya a farko?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka tambaya dalilin da ya sa buhun shinkafa ke tirjewa a kan siminti a shagonku na Tawa, amma da ya motsa sai jansa ya yi sauƙi.

Gogayya iri biyu ce a nan. Buhun yana ajiye, zarensa ya nutse cikin ƙananan ramukan simintin, sun riƙe juna. Wannan ita ce gogayyar tsaye, kuma ba ta da ƙarfi ɗaya: ka tura kaɗan ta mayar maka da kaɗan, ka ƙara ta ƙara, har ta kai iyakarta. Nan ne buhun ke kuɓucewa. Da ya fara tafiya sai gogayyar zamiya ta karɓa, wadda galibi ba ta kai ta farkon ba, don fuskokin biyu ba su samun sukunin sake kama juna sosai.

Mu ƙaddara buhun kilo 50 ne, nauyinsa kusan niyuton 490 (niyuton shi ne abin da ake auna ƙarfin turi ko ja da shi). In ma'aunin gogayyar tsaye, wato lambar da ake ninka nauyin da ita don a san iyakar gogayyar, 0.5 ne, sai ka haura niyuton 245 kafin ya gusa. In na zamiya 0.4 ne, 196 ya isa ya ci gaba. Masanin kimiyya Amontons na Faransa ya nuna tun 1699 cewa nauyi ne ke ƙara gogayya, faɗin abin bai cika shiga lissafi ba.

Abin da na fi so masu babur su gane shi ne birki. Tayar da ke juyawa tana riƙe kwalta da gogayyar tsaye. Ka danne birki ta kulle, ka koma zamiya, riƙon ya ragu, ga shi kan babur ya ƙi juyuwa, balle kwalta da yashi a kai.